Katakon Ɗakin Inna Laraba

Abdulƙadiri kafinta bai taɓa jin tsoron katako ba sai ranar da kwalaye goma sha ɗaya suka iso Goronyo daga Sakkwato, ɗaure a saman motar 'yan albasa. Shekara ashirin da shida yana riƙe da zarto. Rabin ƙofofin unguwarsu shi ya yi su, haka gadajen amare da bencinan masu shayi. Kirarin da ake yi masa a bakin kasuwa shi ne, in Abdulƙadiri ya haɗa katako biyu, ko allura ba ta shiga tsakani. Gaskiya ce, ba a yi masa ƙarya ba. Sai dai kirarin ya hau masa kai fiye da kima, kuma kowa ya sani ban da shi.

Abin da ke cikin kwalayen ba irin katakon da ya saba da shi ba ne. Ƙanensa Siddiq, wanda ke aiki a Sakkwato, shi ya aiko da su. Ya ce sunan abin laminet, a ƙasan ɗaki ake shimfiɗa shi, falle na kama falle ba ƙusa ba gam. Abdulƙadiri ya zaro ɗaya ya jujjuya. Bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, fuskarsa sumul da zanen icce, gefe ɗaya da harshe, ɗaya gefen da bakin da harshen zai shiga. Ya kai hanci ya shinshina, bai ji ƙamshin komai ba. Ya ce a ransa, wannan ai gari ne aka danne aka yi masa kwalliya.

Duk wannan hidima don mutum ɗaya ce, mahaifiyarsu Inna Laraba. Tana can ƙauyen Boyekai ita kaɗai a ɗakin ƙasa da marigayi mijinta ya gina. Bangon gabas ya tsage tun daminar bara, tsagar da hannu ke shiga, azara biyu kuma sun lanƙwasa. Magina uku suka duba, dukansu suka ce ɗakin nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba. Shekara uku ke nan Abdulƙadiri ya gina mata ɗakin bulo a gidansa, da taga biyu da rufin kwano. Ta zo ta kwana biyu, a na uku ta ɗaure kayanta.

"Ba ni zama bisa siminti," in ji ta. "Sanyinai na shiga ƙashi."

An shimfiɗa leda, ta ce leda ba ta hana komai. An kawo darduma, ta ce tana tara ƙura. Sai bana da Siddiq ya yi mata bayani ta waya, ya rantse mata cewa ƙafarta ba za ta taɓa siminti ba, sannan ta ce to, a zo a ɗauke ta ran Jumma'a. Ranar Talata kwalayen suka iso. Hadari kuwa ya riga ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma, yana watsewa, yana sake haɗuwa. Duk lokacin da Abdulƙadiri ya ɗaga kai ya ga sama ta yi baƙi, sai gabansa ya faɗi, don ya san bangon da ruwan zai fara duka.

Ya rufe shago da safiyar Laraba, ya kwaso kayan aiki ya dawo gida. Ya share ɗakin, ya shimfiɗa wani soso siriri da aka haɗo da katakon, ya jera falle uku a bakin bango. Na huɗu ya yi tsawo, sai an rage. Ya auna, ya ja layi da fensir, ya ɗora babban zartonsa, wanda ya yanka maɗaci da ƙirya ba adadi. Ja uku kawai ya yi, fuskar katakon ta ɓare gefe da gefe kamar ɓera ya gwigwiye ta.

Ya tsaya yana kallo. Ya ɗauko wani, ya sassauta hannu, ya yi a hankali. Wannan ma ya ɓare. A na uku ya juya fallen ya yanka ta baya, ya fi na farko muni. Kafin hantsi ya lalata falle uku, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita, ya kira Siddiq.

"In sun kasa, akwai wasu?"

"Yaya, ƙarshensu ke nan ga shagon," in ji Siddiq. "Falle biyat kaɗai anka ƙara bisa awon da kab bayar. Lahiya dai?"

"Lahiya lau," in ji Abdulƙadiri, ya kashe wayar. Yaya za a yi ya gaya wa ƙanen da ya goya cewa katako ya gagare shi?

Matarsa Ikilima malamar firamare ce, ta dawo da azahar ta tarar da tuwon safe a rufe yadda ta bar shi. Ta ɗauki kwali ɗaya da aka yar, ta zauna a bakin ƙofa tana karanta rubutun da ke bayansa.

"Baban Surayya, sun ce zarto mai ƙananan haƙora aka so."

"Su wa?"

"Waɗanda sunka yi shi."

Ya yi tsaki, amma ya ji. Ya tafi wurin mai walda na bakin tasha ya aro zarton ƙarfe, ya biya ya sayi salatif. Ya manna salatif a kan layin, ya sake ja da fensir a samansa, ya danne fallen da gwiwa a kan benci, fuska sama. Zarton ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, gari fari yana zuba, hannu yana tsami. Da ya ɓare salatif ɗin sai ga yanka tas, ko tabo babu. Ya shafa da yatsa, ya yi murmushin farko tun safe. Ya kai fallen ƙarshen layi zai haɗa, sai ya ga babu abin haɗawa. Ashe ɓangaren harshen ya datse ya yar, ya bar wanda zai jingina da bango. Saura falle ɗaya ke nan na kuskure.

Daga nan fa ya koma kamar mai koyo. Kowane falle na ƙarshen layi sai ya juya shi kai da gindi, ya auna, ya yi bisimilla, ya sake aunawa, ya miƙe ya zagaya ɗakin, ya dawo ya auna na uku. Guntun da ya rage shi zai fara layi na gaba da shi, don kada a yi asarar ko taƙi guda. Sallar la'asar a gurguje ya yi ta, yana sallamewa ya leƙa sama. Aiki ya fara tafiya, falle na faɗawa bakin ɗan'uwansa ƙas, ƙas, har ya fara jin daɗin ƙarar.

Ikilima ta sake leƙowa da kwalinta ran Alhamis da safe, kafin ta wuce makaranta.

"Akwai wani abu kuma. Sun ce a bar hili tsakanin katako da bango, kamar kaurin yatsa, ko'ina da ko'ina. Ga hoton nan. Wai abin na numfashi, in yaj ji laima shina buɗewa."

Abdulƙadiri ya ɗago daga tsugune. "Hili? Ga ɗakin Inna?"

"Haka anka rubuta."

"Wanda yar rubuta wanga bai taɓa kwana Goronyo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. In bar rami zagaye da ɗaki, kunama ta samu gida, kyankyaso ya samu, gara ta samu? Tsohuwa na kwance ƙasa?"

"Ana ruhe shi da ɗan katako daga baya."

"A ruhe aibi ke nan. Ni ban taɓa ruhe aibi ba, don ban taɓa barin shi ba."

Maganar kunama gaskiya ce, kowa ya san bazarar Goronyo. Amma in za a faɗi tsakani da Allah, ba kunama ce ta fi damunsa ba. Abokan sana'a za su zo kallo, ya sani, kuma wani zai tsuguna ya zura yatsa tsakanin bango da katako ya ɗago ya dube shi. Wannan kallon ne ba zai iya haɗiyewa ba. Ikilima ta ajiye kwalin ta ɗauki jakarta. A bakin zaure ta ce, wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma a hankali ta faɗa.

Bangon ɗakin ba miƙaƙƙe ba ne, maginin da ido ya yi aikinsa. Nan ya shigo, can ya fita. Abdulƙadiri ya bi kowane lanƙwasa da fensir, ya fitar da shi a jikin falle, ya yanka, ya goga, ya gwada, ya sake gogawa. Layin ƙarshe sai da aka tsaga fallayen a tsaye, tsawon kamu biyu da rabi kowane, da ɗan zarton ƙarfen nan mai cin rai. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Gindin ƙofa ya ci masa fallen kuskure na ƙarshe. Ana kiran magariba ya dasa guntun da ya rage, bai shiga ba sai da ya sa guduma ya buga shi. Ya karɓi allura a wurin Ikilima, ya bi bango huɗu yana gwadawa, ba ta shiga ko'ina ba.

Ran Jumma'a bayan an sauko masallaci ya ɗauko Inna Laraba a motar haya, da ƙullin kayanta uku da buta da tukunyar ƙasa da ta ƙi bari. Ta tsaya a bakin ɗakin ta cire takalmi. Ta taka da ƙafar dama, ta tsaya, ta taka da ta hagu. Abdulƙadiri yana bayanta, numfashi ma ya riƙe. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, Maizarto take ce masa tun yana saurayi.

"Babu sanyi, Maizarto," in ji ta. "Allah shi yi albarka."

Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Ya fita waje da sauri don kada a gani.

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan farko. Maƙwabcinta na Boyekai ya bugo waya ya ce wani ɓangare na bangon gabas ya zube, ana hango gadonta daga waje. Abdulƙadiri ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Abokan sana'a suka zo kallo kamar yadda ya zata, suka tsuguna, suka shafa, suka jinjina kai. Ya koma shago yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

A kwana na takwas ya shiga gaishe ta, ya ji ƙasa ta yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya sake takawa, ta sake yi. Ya tsuguna, ya ga bakin falle biyu ya ɗan tashi, kaɗan dai, sai mai neman aibi zai gani. Ya ce wa kansa zama ne bai gama yi ba. A shago ranar ya yanka ƙafar tebur ɗaya gajera. Washegari wurin ya ƙara tashi. Ya ɗauko buhun gero ya ɗora a kai, ya ce wa Inna wurin ajiya ne ya yi ƙaranci. Katakon ya kwanta a nan, ya ɗago a gaba. Ya ƙara buhu na biyu. Sau huɗu, sau biyar a yini yake baro shago ya zo ya leƙa, har Inna ta tambaye shi ko an kore shi daga kasuwa ne. Ikilima tana gani, ta ja bakinta ta yi shiru, shirun da ya fi zagi ciwo.

A kwana na goma sha uku, da ya dawo daga sallar asuba, ya tarar da Inna Laraba zaune a tsakar gida a kan ƙullin kayanta, ta yafa mayafi, buta a gefe. Ya wuce ta ya ɗaga labule. Tsakanin buhunan biyu katako ya yi tozo, dogo, daga gindin gado zuwa tsakiyar ɗaki, tsawon mutum a kwance. Shi kansa da ya gani sai da tsikar jikinsa ta tashi.

"Ka nemo min mota," in ji Inna. "Na tashi salla nig ga kushewa gaban gadona. Ba ni kwana ɗakin da anka yi min kushewa ina da rai."

"Inna, katako na. Yanzu in gyara shi."

"Na ga katako. Ka nemo mota."

"Ɗakinki ya zube, Inna. Bango guda babu."

"Saura uku."

Ya san ta. In ta ce za ta tafi, ko da ƙafa sai ta tafi, kuma hadari na nan a gabas tun da sassafe. Ya ruga ya ɗauko kurfi da guduma, ya faɗa ɗakin, ya durƙusa a bakin bango yana sassaƙe gefen da ya ɓata yini guda yana gogawa. Filin da ya ƙi bari da zarto, ga shi yana haƙarsa da kurfi, gutsattsari na tashi. Ikilima ta tsaya a bakin ƙofa.

"Hwaɗi," in ji shi, bai ɗago ba. "Ke kin hwaɗa, ban ji ba. Hwaɗi ki huta."

"Ban ce komi ba."

Ya ɓanɓaro fallen farko, sai ya ji shi da nauyi. Gefensa ya kumbura ya yi laushi kamar burodin da ya sha shayi. Ya ɗaga na biyu, soson da ke ƙasa jiƙe yake jagab. Ya dubi rufi, babu yoyo. Ya dubi taga, a bushe. Laimar damina kaɗai ba ta yin wannan. Ransa ya ɓaci, ya fito da fallen a hannu yana ɗiga.

"Wa ka zuba ruwa ɗakinga? Ikilima, ke ta ko Surayya?"

Ikilima ta sunkuyar da kai. Ta sani, tun kwana na uku ta ga ƙasan a jiƙe da ta dawo daga makaranta. Amma suruka ce, da wane baki za ta ce mata bari?

"Rabu da yarinya," in ji Inna Laraba. "Ni ta."

Ya juyo.

"Kullum in rana ta take ina yayyahwa ruwa in share, kamar yadda nika yi ga ɗakina tun ina amarya. Can in na yayyahwa, daɓe shi sha, ɗaki shi yi sanyi, ƙamshin ƙasa shi tashi, sannan in kwanta in yi barci. Nan na yayyahwa, na jira, ban ji komi ba. Nic ce ko ruwan ya yi kaɗan. Washegari nij juye rabin buta. Har buta biyu na kai, Maizarto." Ta gyara mayafinta. "Kwana goma sha uku ban yi barcin rana ba. Ban hwaɗa maka ba don na ga hannunka."

Abdulƙadiri ya dubi tafin nasa, inda bororon ya bushe ya yi baƙi. Fushin ya zube, kunya da tausayi suka maye wurin. Shekara uku yana faɗa da sanyin siminti, bai taɓa zama ya tambaye ta abin da ta rasa ba. Ya ajiye fallen, ya tsuguna a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro.

"In na kwashe katakon, na hwasa simintin har ƙasa, na yi miki daɓe, kina zama?"

Ta dube shi. Can nesa aka yi tsawa, ba wanda ya ɗaga kai.

"Kai kahinta na. Mi kas sani ga daɓe? Daɓe aikin mata na."

"To a yi yaya, Inna?"

"Ka samo tsakuwa ja, amalanke huɗu, ba ta bakin hanya ba. Ka aika Boyekai a ce ma Husainatu mai daɓe ta zo da makubar shahe daɓe da madaɓai, ta taho da mata shida masu ƙarhi. Ni ka tsayawa bisa aikin, kai ba ruwanka." Ta juya wajen surukarta. "Ke kuma ɗiyata, kin taɓa riƙa madaɓi?"

"A'a, Inna."

"Ki koya. Kwance min ƙullin nan, tabarmata na ciki. Ɗakinki nika kwana kahin a gama."

Ikilima ta durƙusa tana kwance ƙullin. Abdulƙadiri ya koma ɗakin, ya janye buhunan gero, ya fara zare fallayen ɗaya bayan ɗaya. Na layin ƙarshe, waɗanda ya tsaga a tsaye, sun ƙi fita, don shi ya buga su da guduma. Sai da ya karya su. Ya fito da su ya tara a gindin bango, ya aika aka aro masa diga a gidan maƙwabta.

Wayarsa ta yi ƙara yana tsaye a tsakiyar simintin. Siddiq ne.

"Yaya, ya Inna da sabon ɗaki?"

"Tana zama," in ji Abdulƙadiri. Ya sa wayar a aljihu, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga digar.